Bushin Rauta: Na Baƙin Ƙarfe ko Na Tagulla?

Duk kafintan da ya fara amfani da injin rauta, wato injin hannu mai juya haƙorin yanka da gudu don sassaƙa katako, wajen fafe gurbin hinji a jikin ƙofa, ko fitar da haƙoran da ke haɗa kusurwar durowa, ko maimaita zanen ado iri ɗaya a kan allunan gado goma sha biyu, zai wayi gari ya ga ido da ƙarfin hannu kaɗai ba sa wadatarwa. A nan ne bushin yake shigowa. Wani ɗan zobe ne mai gajeren wuya da ake ɗaurawa a tsakiyar farantin gindin injin, haƙorin yanka ya bi ta cikinsa, wuyan kuma ya riƙa gogar gefen allon jagora, wato tamfulet, ta yadda injin zai bi siffar da aka riga aka fitar ba tare da ya kauce ba. A Kaduna, wanda ya shiga kasuwar Panteka ko shagunan kayan aiki na cikin gari yana nemansa zai tarar da iri biyu, na baƙin ƙarfe da na tagulla mai ruwan ɗorawa, kuma galibi mai shago farashi kawai zai faɗa masa.

Kafin a zo ga ƙarfen da aka ƙera bushin da shi, sai an duba gindin injin, domin sau da yawa shi ne yake yanke hukunci tun kafin a yi ciniki. Tsarin da ya yaɗu sosai shi ne na kamfanin Porter-Cable na Amurka, inda ake fafe rami mai faɗin inci 1 da 3/16 a tsakiyar farantin, wato ɗan sama da milimita 30, a zura bushin ta ƙasa, a ɗaure shi da noti mai zagaye ta sama. A wannan tsarin ne ake samun na tagulla da na ƙarfe duka, har mutum ya zaɓa. Manyan injinan Makita da yawa kuwa bushinsu faifai ne na ƙarfe da ake ɗaurawa da sukurori biyu, na Bosch kuma suna da 'yan kunnuwa da ke maƙalewa a mazauninsu da zarar an tura madanni. Waɗannan kusan duk na ƙarfe ne, kuma wanda yake son na tagulla a irin waɗannan injina sai ya sayi mahaɗin da ke karɓar tsarin Porter-Cable, ko ya sauya farantin gindin ɗungurungum. Saboda haka abin da ya fi shi ne a kwance farantin a tafi da shi kasuwa, a gwada a gaban mai shago.

Babban abin da ya sa tagulla ta karɓu a wannan aiki shi ne laushinta, kuma a nan ya kamata a daɗe. Haƙoran rauta na zamani bakinsu na kabaid ne, wani haɗi mai tsananin tauri wanda a ma'aunin taurin abubuwa na Mohs yake kusan mataki na 9, alhali tagulla tana wajen mataki na 3 zuwa 4. Sai dai taurin kabaid yana tafe da gautsi, kamar tangaran, yana yanka katako mai tauri irin maɗaci da loko ba gajiya, amma idan ya daki ƙarfe sai bakinsa ya ɓantare. Injin rauta kuma yana juyawa sau 20,000 ko fiye a minti ɗaya, ƙananan na gyaran gefe ma suna kaiwa 30,000. A irin wannan gudu, idan haƙori ya taɓi cikin bushin na ƙarfe, ko da na ƙiftawar ido ne, haƙorin ya tashi aiki, kuma ɓarɓashin kabaid yana iya fallatsa ya nufi fuska. Idan na tagulla ne, haƙorin zai yanke shi kamar yadda yake yanke katako mai tauri, a ga garin tagulla yana zuba, a kashe injin, a sauya bushin, haƙorin kuma mafi yawan lokuta ya tsira. Haƙori mai kyau guda ɗaya yakan fi bushin tsada nesa, don haka idan har asara ta zama dole, gara ta faɗa kan bushin.

Wani zai ce mai lura ba zai bari haƙori ya taɓi bushin ba. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta sosai ba. A tsarin Porter-Cable, bushin da faɗinsa na waje yake inci 5/8 yana da rami mai faɗin inci 17/32, kuma da shi ake yawan haɗa haƙori mai rabin inci. Ratar da ta rage a kowane gefe inci 1/64 ce, wato kimanin milimita 0.4, kaurin katin gayyatar biki ke nan. Ya isa farantin gindin ya ɗan goce daga tsakiya, ko ƙafar haƙorin ta ɗan lanƙwashe, ko boris ɗin injin ya fara wasa kamar yadda yake faruwa da tsofaffin injinan da ake shigowa da su na hannu, sai a ji ƙara. Akwai kuma karon da ya fi wannan yawa, wato lokacin da aka danna injin ƙasa don ƙara zurfi har notin da ke riƙe haƙori ya sauka a kan bushin. Na taɓa yin wannan kuskure ina fafe gurbin kwaɗon ƙofa, saboda na manta ban saita madogarar zurfi ba, kuma abin da ya rage na bushin tagullar a ranar bai fi a ajiye don tunawa ba, amma notin injin da haƙorin har yanzu suna aiki.

Da wannan ake haɗa maganar tartsatsi. Ƙarfe idan ya gogi ƙarfe ko kabaid da gudu yana fitar da wuta, tagulla kuwa ba ta yi, shi ya sa ma ake ƙera sifana da guduma da dangin tagulla don masu aiki a wuraren man fetur da iskar gas. Shagon kafinta a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, garin katako ya taru a ƙarƙashin benci, ga gwangwanin tina da fenti a gefe, wuri ne da tartsatsi ɗaya zai iya kwana yana ci a ɓoye. Abin ba kullum yake faruwa ba, amma duk wanda ya san yadda gobara take yi wa kasuwannin katako ba zai raina shi ba.

Abu na biyu shi ne kwancewar notin da ke ɗaure bushin, wanda ya shafi tsarin Porter-Cable kaɗai. Girgizar injin tana sassauta notin sannu a hankali, kuma kafintoci da yawa sun shaida cewa notin ƙarfe a kan tiredin ƙarfe ya fi saurin kwancewa, na tagulla kuma ya fi kama jikinsa ko da da hannu aka ɗaure. Idan noti ya kwance ana tsakiyar aiki, bushin yana fara rawa, layin yanka ya karkace, daga ƙarshe notin ya faɗo kan haƙorin da ke juyawa. Duk da haka bai kamata a ɗauki wannan a matsayin aibin da ba shi da magani ba. Zagaye biyu na farin tef ɗin da masu aikin famfo suke naɗawa a bakin bututu, ko siririn zoben roba, ko washa mai lanƙwasa a ƙarƙashin notin, kowanne yana hana na ƙarfe kwancewa. Na tagullar ma ana son a riƙa taɓa shi da yatsa bayan kowane 'yan yanka, injin yana kashe kuma an zare wayarsa daga wuta. Abin da ba a so shi ne a kama notin tagulla da filaya a murɗa da ƙarfi, domin zanen jikinsa zai cinye, tiredin kuma ya ci, daga nan ba ya ƙara zama daidai.

Tsatsa ita ce ta uku, kuma yanayin Kaduna ya sa ta zama abin lissafi. Daga watan Mayu zuwa Oktoba iska tana ɗauke da danshi, a watan Agusta kuwa ko zarton da aka rataye a bango sai ya yi ja idan ba a shafa masa mai ba. Yawancin bushin ƙarfe ana yi musu rufi na tutiya ko wani baƙin shafe don kariya, amma daidai wurin da wuyan yake gogar allon jagora nan ne rufin yake fara gogewa, gumin hannu kuma ya ƙarasa sauran. Tsatsa a kan wuya tana sa injin ya riƙa cijewa maimakon ya sulale, a kan tiredi kuma tana iya kafe noti. Tagulla dusashewa kawai take yi, launinta ya koma duhu, amma girmanta da santsinta suna nan. Wanda yake amfani da bushin kullum ba zai ga wannan bambanci sosai ba, tunda aiki da kansa yana goge tsatsar. Wanda yake ɗauko shi sau ɗaya a wata biyu shi ne zai buɗe akwati bayan damina ya tarar da abin da bai zata ba.

Duk da haka baƙin ƙarfe yana da ranarsa. Laushin da ya ceci haƙori shi ne kuma raunin tagulla. Bushin mafi ƙanƙanta a tsarin inci, mai faɗin 5/16 a waje da 1/4 a ciki, kaurin bangon wuyansa inci 1/32 ne kacal, ƙasa da milimita ɗaya. Idan irin wannan na tagulla ya faɗo daga benci ya daki daɓen siminti, bakinsa yana iya lotsawa, kuma wuyan da ya daina zama cikakken da'ira ba ya ƙara fitar da aiki daidai, ko da an buga an miƙe shi. Na ƙarfe mai irin wannan siranta ya fi jure faɗuwa da matsi. Shagon da yara masu koyon sana'a suke da yawa, inda ake jefa kayan aiki cikin bokiti ɗaya tare da guduma da kurfi idan an tashi, zai ga na tagulla suna lalacewa tun ba su yi aikin kirki ba. Sai dai kuma a irin wannan shagon ne aka fi samun mai danna injin har noti ya sauka, don haka mai gida shi zai auna wace asarar ce ta fi yi masa sauƙi. Ni dai a ganina samar da ƙaramin akwati na ajiya ya fi sauƙi a kan sayen sabon haƙori duk mako.

Gogewa ma tana cikin lissafi. Katakon MDF, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse, wanda aka fi yin allon jagora da shi saboda santsinsa da araha, yana ɗauke da gam mai yawa a cikinsa, ƙurar hunturu kuma idan ta kwanta a gefen allon tana aiki kamar sanfefa mai laushi. Kafintan da ya karɓi kwangilar ƙofofin makaranta ko na rukunin gidaje, yana fafe gurbin hinji ɗari-ɗari a mako da allo ɗaya, zai ga wuyan tagulla ya fara siranta a gefen da ya fi gogawa kafin na ƙarfe ya nuna alama. Ragin kaɗan ne, amma a aikin haɗa kusurwar durowa, inda haƙoran katako suke shiga juna, kashi ɗaya cikin goma na milimita yana iya raba haɗin da ya kama tsam da wanda yake girgiɗi. Ga mai irin wannan aiki na yawa, bushin ƙarfe da aka sassaƙa da kyau ya fi riba. Akasin haka, idan allon jagorar na alminiyom ne mai tsada, irin wanda ke zuwa da na'urar haɗa kusurwa, gara bushin ne ya goge maimakon allon, kuma wuyan ƙarfe mai kaushi ko mai tsatsa ya fi cin gefen alminiyom.

Akwai wani amfani na tagulla da ba a cika ambata ba sai an ci karo da buƙatarsa. Wuyan bushin dole ya gaza kaurin allon jagora, in ba haka ba zai taɓa katakon da ake aiki a kai ya ɗaga injin. Wasu bushin suna zuwa da wuya mai tsawon rabin inci ko fiye, alhali mafi yawan kafintocinmu da filawud ko MDF mai kaurin milimita 6 ko 9 suke yin allonsu. Wuyan tagulla ana rage shi da zarton ƙarfe a gyara bakin da magagari cikin 'yan mintuna. Na ƙarfe ma yana yankuwa, amma da wahala, kuma wurin da aka yanke ya rabu da rufinsa ke nan, daga nan tsatsa za ta fara.

Maganar zafi da wasu suke kawowa, cewa tagulla ta fi ƙarfe buɗewa idan ta ɗumama, gaskiya ce amma ba ta da nauyi a nan. Bushin mai faɗin milimita 30 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20, abin da zai ƙaru a faɗinsa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne kawai, katakon da kansa ya fi haka motsi tsakanin safiya da azahar. Haka ma nauyi, tagulla ta ɗan fi ƙarfe, amma a abu ƙarami kamar wannan hannu ba ya ji.

Abin da ya fi irin ƙarfen muhimmanci, a ganina, shi ne yadda aka ƙera bushin. Bushin tagulla kusan kullum sassaƙa shi ake yi a injin juya ƙarfe daga sanda guda, saboda tagullar da ake amfani da ita, wadda kimanin kashi 61 cikin ɗari jan ƙarfe ce, kashi 35 tutiya, da ɗan dalma kusan kashi 3, tana daga cikin ƙarafa mafi sauƙin sassaƙa, kuma abin da aka sassaƙa a zama ɗaya wuyansa da kafaɗarsa, wato faffaɗan gefen da ke zama a jikin farantin, sukan fito a tsakiya ɗaya. Na ƙarfe kuwa iri biyu ne. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda ingancinsa bai gaza na tagulla ba, akwai kuma na araha wanda ake buga faranti da injin matsi a liƙa masa guntun bututu, kuma a cikin waɗannan ne ake samun wuyan da ya karkace ko ya goce daga tsakiya. Yawancin sunan banza da bushin ƙarfe ya yi daga wannan nau'i na biyu ya samo shi. Ana gane sassaƙaƙƙe da siraran layukan da bakin injin ya bari a zagaye, da kuma rashin alamar walda ko matsi a gindin wuyan.

A kasuwa kuma ba duk mai ruwan ɗorawa ne tagulla ba. Ana yi wa ƙarfe rufi mai launin tagulla, kuma hanyar ganewa mai sauƙi ce, a tafi da ɗan maganaɗisu irin na cikin tsohuwar sifika. Idan ya kama, ƙarfe ne aka rina, domin maganaɗisu ba ya kama tagulla. Idan bai kama ba amma bushin ya yi sakayau a hannu, a karce wani ɓoyayyen wuri da magagari, tagullar gaske launinta ɗaya ne ciki da waje, alminiyom ko haɗin tutiya kuwa fari zai bayyana a ƙarƙashi. Yana da kyau kuma a tafi da ma'aunin kauri a auna wuyan ta fuska biyu ko uku, domin kasuwarmu tana cakuɗa kayan inci da na milimita. Bushin milimita 16 da na inci 5/8 ido ba ya raba su, amma na biyun milimita 15.9 ne, haka haƙorin milimita 12 da na rabin inci, wanda yake milimita 12.7. Tazarar da ke tsakanin gefen allon jagora da inda haƙori yake yanka ana samunta ne idan aka cire faɗin haƙori daga faɗin bushin aka raba biyu. Bushin 16 da haƙori 12 suna ba da milimita 2 daidai, amma idan haƙorin 12.7 ne tazarar ta koma 1.65, kuma gurbin hinjin zai fi wanda aka nufa faɗi ta kowane gefe, a ɗora wa bushin laifin da ba nasa ba.

Wanda bai samu girman da yake nema ba yana da mafita a Kaduna, domin masu injin juya ƙarfe na Panteka suna iya sassaƙa bushin idan aka kai musu samfuri da farantin gindin injin. A nan ma tagulla ce ta fi dacewa a ba su, saboda tana fita da santsi ba tare da an sha wahala ba, kuma ba ta buƙatar rufi bayan an gama. Sharaɗin da za a nanata musu shi ne a sassaƙa wuya da kafaɗa da rami ba tare da an kwance sandar daga injin ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, kafintan da injinsa yake karɓar tsarin Porter-Cable, wanda aikinsa yake sauyawa daga gado zuwa kabad zuwa ƙofa, na tagulla sassaƙaƙƙe ne ya fi masa, kuma ba sai ya sayi jeri mai guda bakwai ko goma ba, guda uku sun ishi yawancin aiki, ƙarami da matsakaici da babba. Mai aikin cusa ado, inda ake fafe gurbi a farin katako a cike shi da jan maɗaci, kayan aikinsa ma galibi na tagulla ake sayarwa, bushin inci 5/16 da zoben da ake sa masa ya koma 9/16, tare da haƙori mai inci 1/8. Mai kwangilar yawa da ke maimaita yanka ɗaya da allo ɗaya, da mai injin Makita ko Bosch da ba ya son ƙarin mahaɗi tsakanin injin da bushin, su nemi na ƙarfe, su tabbatar sassaƙaƙƙe ne ko na ainihin kamfanin injin, su kuma bar rata mai yalwa tsakanin haƙori da ramin, misali milimita ɗaya da rabi a kowane gefe idan aikin ya ba da dama.

Ko wanne aka saya, sai an daidaita shi a tsakiya kafin a fara. Ana sassauta sukurorin farantin gindi, a ɗaura sandar saiti mai kan mazurari a mazaunin haƙori, a ja ta har mazurarin ya zauna a bakin bushin ya tura farantin tsakiya, sannan a ɗaure sukurorin. Wanda ba shi da sandar saiti sai ya yi alama da fenti a gefe ɗaya na injin, ya riƙa fuskantar da wannan alama ga allon jagora daga farkon yanka zuwa ƙarshensa ba tare da ya juya injin ba, ta yadda ko bushin ya ɗan goce, tazarar za ta kasance ɗaya a duk tsawon layin. Kafin a kunna wuta kuma a juya haƙorin da hannu zagaye ɗaya cikakke, a sauke injin zuwa iyakar zurfin da aka saita, a saurara ko akwai inda yake gogar bushin.